Fayil, WhatsApp ko manhaja: wace hanya ta dace da takardun ɗan kwangila a ginin karkara?

Ko ajujuwa uku ne na firamare a yankin Kafin Hausa, ko ɗakin shan magani a bayan Garko, ko rumbun ajiyar shinkafa a kusa da Auyo, in dai da yarjejeniya ake ginin, akwai wani sharaɗi da ake sa wa hannu ba tare da an tsaya an karanta shi ba. Sharaɗin kuwa shi ne ɗan kwangila ba zai sa wani abu a jikin ginin ba sai ya gabatar da shi ga injiniya ko mai zanen gini, an duba, an amince a rubuce. Waɗannan abubuwan da ake gabatarwa su muke kira takardun neman amincewa, ko da yake da yawansu ba takarda ba ne. Akwai guntun rodi mai tsawon mita ɗaya, da bulo uku, da tayil biyu, da zanen da mai walda ya yi na yadda zai haɗa ƙarafan rufi, da jadawalin yanka da lanƙwasa rodi, da sakamakon gwajin kankare.

A cikin birnin Kano abin da sauƙi, ana iya tura yaro a kan babur ya kai ofis ya dawo kafin Azahar. A karkara mutum uku ne da ke nesa da juna: mai aiki, wato mai ginin, yana Dutse ko Kano ko ma Abuja, injiniya yana leƙowa sau ɗaya a mako ko a mako biyu, ɗan kwangila kuma yana tsaye da birkiloli da leburori da ake biya kullum. Kowace rana ta jira kuɗi ce daga aljihunsa. Saboda haka yadda takarda ke tafiya ta dawo shi ne ke sa a bi ƙa'idar ko a tsallake ta. Hanyoyi uku ake bi yanzu: fayil da biro, WhatsApp haɗe da Excel ko Google Sheets, sai manhajojin da aka ƙera domin wannan aiki irin su Procore da Autodesk Build da Aconex.

Abin da kowace hanya za ta riƙe

Kafin a kwatanta su, sai a san abin da ake nema daga gare su. Tushen aikin rajista ce guda ɗaya, layi ɗaya ga kowane abu. A kowane layi za a ga lamba, da sunan abin, da wurin da aka ambace shi a zane ko a takardar ƙididdigar kaya ta BOQ, da ranar da ake bukatarsa a wurin aiki, da ranar da ya kamata a gabatar, da ranar da aka gabatar, da wanda ke riƙe da shi yanzu, da hukuncin da aka yanke, da lambar gyara. Hukuncin huɗu ne ba su da na biyar: an amince, an amince bisa gyaran da aka rubuta, a gyara a sake kawowa, an ƙi. Wasu ofisoshi suna yi musu laƙabi da A, B, C, D. “Ba komai” da “a ci gaba kawai” da hoton babban yatsa ba sa cikin su.

Gurbin da aka fi barinsa babu komai shi ne ranar da ya kamata a gabatar, alhali shi ne mafi amfani. Daga baya ake lissafa shi. A ce ana son ɗora kwano ranar 1 ga Yuni don a riga damina. Yanko kwanon da kawo shi daga Kano ya ɗauki kwana 10. Yarjejeniya ta ba injiniya kwana 14 ya duba. Sai a ƙara wasu 14 ko da zai ce a gyara. Kwana 38 ke nan, wato samfurin kwanon da takardar kaurinsa sai sun isa hannun injiniya ranar 24 ga Afrilu, lokacin da wataƙila ba a ma gama zuba linta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai bango ya kai ƙarshe kafin ya kawo samfuri, shi ne zai sayi kwanon kafin amincewa ta fito, sannan ya zo yana roƙo a rufe ido.

Fayil da biro

Yadda ake yin sa daidai shi ne a buga fom mai shafi ɗaya, a cike kwafi uku. Ɗaya yana zama a ofishin wurin aiki, ɗaya yana tafiya da injiniya, ɗaya kuma na ɗan kwangila ne. Injiniya ya rubuta hukunci, ya sa hannu da kwanan wata, ya buga hatiminsa mai lambar rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ko ta ARCON in mai zanen gini ne. Ana riƙe babban littafi mai bango mai ƙarfi a matsayin rajista, ba a yage shafi, ba a goge kuskure, sai dai a ja layi a sa hannu a gefe.

Ƙarfin wannan hanya ba ƙarami ba ne. Ba ruwanta da wutar KEDCO ko sabis na waya. Foman da bai taɓa buɗe kwamfuta ba ya san ma'anar hatimi. Kuma a aikin gwamnati, ranar da jami'an hukumar bin ƙa'idar kwangila ta Jigawa ko masu binciken kuɗi suka zo, fayil za su ce a kawo, takarda mai sa hannu kuma ita ce ke bin takardar neman biyan kuɗi. Raunin ta biyu ne. Na farko jinkiri: takardar da aka cike ranar Talata za ta kwanta har injiniya ya zo ranar Litinin mai zuwa, ko kuma a ba direban motar haya ya kai, daga gefen Haɗeja zuwa Kano kuwa zuwa da dawowa yini ne cur. Na biyu, babu mai tuna wa kowa. Littafi ba ya kiran injiniya ya ce masa kwana goma sha huɗunsa sun cika. Sai a ƙara da gara da ruwan sama da ke shiga ofishin langa-langa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 a ƙananan hukumomin da ke kwarin Haɗeja sun san fayil da aka ajiye a ƙasa ba shi da tabbas.

WhatsApp da Excel

Wannan ita ce hanyar da kusan kowa ke bi yanzu, ko ya ce yana bi ko bai ce ba, don haka za mu daɗe a kanta. Sauƙinta a fili yake. Tifa ta sauke yashi da ƙarfe tara, an ɗauki hoto, injiniya ya gani kafin ƙarfe goma. Saƙon rubutu yana wucewa ko da sabis ɗin sanda ɗaya ne, in kuma babu, yana jira har a hau tudu ko a shiga gari ranar kasuwa ya tafi da kansa. Foman yana iya bayani da bakinsa da Hausa.

Matsalar ita ce WhatsApp masinja ne, mutane kuma sun mayar da shi ma'aji. Ga yadda abin ke lalacewa. An tura hoton zanen dakin, wato rufin kankare, kamar yadda ake tura hoton biki, manhajar ta matse shi don ya yi sauƙin tafiya. Zanen da aka yi a babbar takarda ta A1 ya koma cikin tafin hannu, rubutun da ke cewa rodi mai milimita 16 tazarar milimita 150 ya dusashe, mai ɗaurin rodi ya karanta 12 ko ya ɗauki tazarar 200. Maganinsa a tura zane a matsayin fayil na PDF ta wurin da ake maƙala takarda, domin ta nan ba a matse shi. Haka hoton shaida: in an tura shi a matsayin hoto, bayanan ranar ɗauka da wurin ɗauka da waya ke ɓoyewa a jikinsa ba sa bin sa, sai ya zama ba a iya bambance rodin da aka ɗauka yau a wurin aiki da wanda aka ɗauka bara a kasuwar Kofar Ruwa.

Sai kuma amincewar baki. Ɗan kwangila ya tura murya: “Yallaɓai injiniya, tayil ɗin da ke cikin takarda babu shi a kasuwa, amma ga wani mai kyau.” Injiniya yana tuƙi, ya amsa da “To Alhaji, Allah ya taimaka.” Bayan wata uku mai aiki ya ga tayil mai santsi a banɗakin asibiti, ɗaya yana cewa an amince, ɗaya yana cewa gaisuwa kawai ya amsa. Kowannensu yana da gaskiya a nasa ganin. Ƙari a kan haka, wanda ya tura saƙo yana iya gyara shi cikin minti 15, yana iya goge shi ga kowa cikin kusan kwana biyu, kuma in wani ya kunna tsarin saƙonni masu ɓacewa, bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90 babu abin da zai saura. Waya ta faɗa cikin randar ban ruwa ko an sace ta a tasha, in ba a ajiye kwafin hirar ba, tarihin aikin ya tafi. Gaskiya ne Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a gabatar da bayanan na'ura a kotu, amma da sharuɗɗa, har da shaidar cewa na'urar tana aiki daidai. Fom mai hatimi ya fi sauƙin karewa nesa ba kusa ba.

Duk da haka ba mu ce a bar ta ba. Ana iya ɗaure ta da dokoki kaɗan ta yi aiki mai kyau. A buɗe zaure ɗaya na neman amincewa kaɗai, mutum huɗu ko biyar, ban da gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure, waɗannan su tafi wani zauren. Kowane abu ya zo da fom ɗin nan na takarda, an cike, an ɗauke shi da manhajar sikan ta waya ya zama PDF, an raɗa masa suna mai tsari, misali KH-RODI-003-G0, wato aikin Kafin Hausa, rodi, lamba ta uku, ba a yi gyara ba tukuna. In an dawo da shi an sake kawowa ya zama G1, lambar 003 ba ta canzawa. Injiniya ya buga fom ɗin a ofis, ya rubuta hukunci, ya sa hannu, ya mayar ta hanya ɗaya, asalin takardar kuma ya taho da ita ranar zuwansa. Duk maganar da aka yi ta murya, in ta shafi kaya ko kuɗi, sai an bi ta da rubutu a ranar.

Rajistar kuma ta zauna a Google Sheets, mutum ɗaya ne ke da ikon rubutu, sauran kallo kawai. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, domin in fayil ɗin Excel ne ake turawa juna, cikin wata ɗaya za a sami kwafi huɗu kowanne da nasa labarin. A sa gurbi ɗaya da ke cire ranar gabatarwa daga ranar yau, a sa shi ya koma ja in ya wuce 14. Wannan ɗan lissafin shi ne rabin abin da manyan manhajoji ke sayarwa. Fayilolin PDF ɗin a zuba su a Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, abin da ya ishi ƙaramin aiki in ba a cika shi da bidiyo ba. Abin da hanyar ke ci shi ne data da kuma mutum mai haƙuri da zai zauna minti ashirin kowane yamma ya cike layuka. In babu wannan mutumin, mako uku ba za a yi ba rajistar ta mutu, a koma neman saƙo ta hanyar jan allo sama.

Manyan manhajoji

Procore na Amurka ne. Autodesk, masu manhajojin zanen gini na AutoCAD da Revit, sun sayi kamfanin PlanGrid a 2018 suka zuba fasaharsa cikin Autodesk Build. Aconex daga Ostireliya ya fito, yanzu yana hannun Oracle. Dukkansu suna yin abin da littafi da WhatsApp ba sa yi da kansu. Ɗan kwangila ya ɗora takarda, manhajar ta ba ta lamba, ta miƙa ta ga mai dubawa na farko, in ya gama ta wuce ga na biyu, misali daga injiniyan ƙarfin gini zuwa mai zanen gini zuwa wakilin mai aiki. Kowane lokaci ana ganin sunan wanda take hannunsa da kwanakin da ta yi. Imel na tunatarwa yana fita ba tare da wani ya ji nauyin kiran babba ba, wannan kuwa a wurinmu ba ƙaramin amfani ba ne, don yaron ofis ba zai iya ce wa darakta ya makara ba. Injiniya yana zana gyaransa a kan zanen kai tsaye. In sabon zane ya shigo, tsohon ya koma baya, wanda ya buɗe sabon zai gani. Kuma komai yana da sawu: wa ya buɗe, yaushe, me ya rubuta. Aconex ya yi suna musamman a kan cewa abin da aka aika ba a iya goge shi, kuma kowane kamfani yana riƙe da nasa tarihin.

Akwai kuma abin da masu talla suka fi ɗaga murya a kansa, wato manhajar ta karanta kundin ƙa'idojin kaya ta fitar da rajistar da kanta. Autodesk suna da irin wannan da suka samu daga kamfanin Pype. Yana aiki, amma a kan kundi mai ɗaruruwan shafuka da aka jera sashe-sashe bisa tsarin MasterFormat na Amurka, inda kowane sashe ya faɗi abin da za a gabatar. Ajujuwa uku a karkarar Jigawa ba su da irin wannan kundi. Abin da ke akwai zane ne shafi kaɗan da BOQ, wadda za ta ce kwano dogo na alminiyam mai kaurin milimita 0.55 “ko makamancinsa da aka amince”. Babu abin da na'ura za ta tsinto a nan wanda injiniya ba zai rubuta da hannu cikin awa ɗaya ba. Kuma rigimar duk tana cikin kalmar “makamancinsa”, wadda mutum ne kaɗai zai yanke mata hukunci.

Kuɗinsu da dala ake lissafawa, don haka yana hawa da sauka da canji. Procore suna kafa farashi a kan yawan kuɗin ayyukan da kamfani ke yi a shekara, sannan su bar kowa ya shiga ba iyaka. Wasu kuma kan kowane mutum ake biya, abin da ke sa a sayi kujera biyu a raba lambar sirri ga mutum bakwai, daga nan sawun da aka sayi manhajar dominsa ya ɓace, tunda duk sa hannu sunan mutum ɗaya ne. Batun sabis kuma, manhajojin wayarsu suna barin a duba zanen da aka riga aka sauke ko babu intanet, amma saukewar farko da aika gyara suna son sabis mai ƙarfi. Nan akwai tarko: waya ta yi kwana huɗu ba ta haɗu da intanet ba, foman yana kallon zanen G1 yana ganin shi ne sabo, alhali G2 ya fita tun shekaranjiya. Mai takarda ya san takardarsa na iya tsufa, mai manhaja kuwa ya sake jiki. Sai harshe: komai da Turanci ne, mai ɗaurin rodi da kafinta ba za su shiga ba. Daga ƙarshe wani zai ɗauki hoton allon ya tura musu ta WhatsApp, a dawo inda aka baro.

Akwai wata hanya ta tsakiya da ba a cika ambata ba. KoboToolbox da ODK manhajoji ne na cike fom a waya ba tare da sabis ba, ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji a Arewa sun daɗe da saninsu. Ana iya tsara fom da Hausa, ya karɓi hoto da wurin da aka tsaya ta GPS da lokaci, ya aika in an sami sabis, bayanan su fito a Excel. Ba sa miƙa takarda daga mai dubawa zuwa mai dubawa yadda Procore ke yi, amma ga hukumar da ke da ƙananan gine-gine ashirin a warwatse cikin ƙananan hukumomi, sun fi dacewa wajen tabbatar da cewa kayan da aka amince da su ne suka isa wurin.

Abin da allo ba ya gani

Kaya huɗu ko biyar da ke riƙe da ran gini babu hanyar da za ta amince da su daga nesa. Gani ya kori ji. Rodi mai milimita 12 na gaske yana da nauyin kilo 0.888 a kowace mita, na 16 kuma kilo 1.58, na 10 kilo 0.617. Sanda ɗaya mita 12 ce, don haka tan ɗaya na rodi 12 yana ba da sanda 94 ko kusa da haka. In an kawo tan ɗaya aka ƙirga sanda 110, ba kyauta aka yi ba, rodin ne siriri. Rodin da ya zo milimita 11 maimakon 12 ya rasa kusan kashi 16 cikin ɗari na naman ƙarfensa, a hoto kuwa ba za a gane ba. Sai an yanki mita ɗaya an ɗora a sikeli. Takardar gwajin da masana'anta ke bayarwa tana da amfani, amma sai an tabbatar ta kayan da aka sauke ce, ba ta wani kaya ba da aka yi mata hoto.

Kwano ma haka ne. Tsakanin kaurin milimita 0.45 da 0.55 ido ba ya rabawa, sai ƙaramin ma'aunin kauri, kuma iskar farkon damina ce ke fallasa bambancin. Bulo mai inci tara ana duba shi da ma'aunin NIS 87 na SON, hukumar kula da ingancin kaya, ta hanyar kai samfuri ɗakin gwaji a murƙushe. Yashi kuwa a zuba shi a kwalba da ruwa, a girgiza, a bar shi ya kwanta. In lakar da ta hau sama ta doshi kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a ƙi shi. A fom ɗin kuma a rubuta kogi ko ramin da aka ɗebo shi, domin abin da ke faruwa shi ne tifa biyu na farko daga wuri mai kyau suke, sauran daga inda ya fi kusa.

Saboda haka ko wace hanya aka zaɓa, ana bukatar kabad ko ɗan ɗaki mai kwaɗo a wurin aiki. Samfurin da aka amince da shi a rubuta masa lamba da fenti ko maka, injiniya ya sa hannu a jikinsa, a kulle. Duk motar da ta zo a gwada kayanta da shi kafin a sauke.

Gwajin kankare shi ne wanda ya fi nuna amfanin rajista mai tunatarwa. Ranar zuba fila ko dakin ana cika ƙananan akwatuna masu milimita 150 kowane gefe, a rubuta kwanan wata da ɓangaren ginin, a cire su washegari a jiƙa a ruwa. Wasu a murƙushe su a kwana 7, sauran a kwana 28, a ɗakin gwaji irin na sashen injiniyan gine-gine a Jami'ar Bayero ko jami'ar Wudil. Sakamakon kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe, shi ne ke ba da gargaɗi tun ba a ɗora bulo a sama ba. Haɗin 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, yana cin buhu shida da ɗan ɗoriya a kowace kubik mita ta kankare, kuma wannan adadin ya kamata ya fito a fom kafin ranar zubawa don a ƙirga buhunan da aka buɗe. Abin da ke ɓaci a nan mantuwa ce: kwana 28 suka cika babu wanda ya kai samfurin, ko aka bar su a rana cikin hunturu suka bushe, sakamako ya fito ƙasa, aka rasa ko kankaren ne mara kyau ko ajiyar. Littafi ba zai tuna ba, layin da ke komawa ja a Google Sheets zai tuna, manhaja ma haka.

To wacce za a ɗauka?

A ƙirga abu uku: yawan takardun, yawan masu dubawa, da tsawon aikin. Gida ko masallaci ko ajujuwa na ƙasa ɗaya, in an jera siminti, yashi, tsakuwa, bulo, rodi, haɗin kankare, katako ko ƙarfen rufi, kwano, silin, ƙofofi, tagogi, tayil, fenti, wayar wuta, makunnai da fayif, da wuya a wuce layi talatin, kuma injiniya ɗaya ne ke dubawa. A nan fom na takarda mai sa hannu, da WhatsApp a matsayin mai kai saƙo, da rajista ɗaya a Google Sheets sun wadatar. Sayen babbar manhaja ga irin wannan aiki ɓarnar kuɗi ce da ta fi kyau a sa a gwajin kankare da man motar injiniya.

Fayil shi kaɗai ba tare da waya ba yana dacewa ne kawai inda akwai mai sa ido da ke kwana a garin kuma an ba shi ikon sa hannu a kan kayan yau da kullum. In ba haka ba jinkirin zai koya wa ɗan kwangila yin gaban kansa.

Babbar manhaja tana fara biyan kuɗinta a babban asibiti, ko makarantar kwana mai gine-gine da yawa, ko masana'antar casar shinkafa mai injuna da za a shigo da su daga waje, inda takardu suka kai ɗaruruwa, masu dubawa huɗu ko biyar suna garuruwa daban-daban, aikin kuma zai haura shekara. Ko a nan ma da sharuɗɗa. A rubuta cikin yarjejeniya tun farko cewa ita ce hanyar amincewa, da wanda zai biya kuɗinta. A ɗauki mutum ɗaya da aikinsa kaɗai kula da takardu ne. A tanadi sola da batir da intanet mai ƙarfi a ofishin wurin aiki, a gwada layukan MTN da Airtel da Glo a filin kafin a yanke shawara, don wanda ke ja a bakin titi ba lallai ya ja a bayan gari ba. A ci gaba da buga zanen da ake aiki da shi a babbar takarda, duk wanda aka sauya a rubuta masa AN SOKE da jan biro a janye shi daga hannun foman a ranar.

Sai tambayar da ake mantawa har ranar miƙa makulli: asusun na wa ne? In ɗan kwangila ne ya biya manhajar, ranar da aka saɓa ko kuɗin shekara ya ƙare, mai aiki na iya wayar gari ba shi da ƙofar shiga. Haka in Google Drive ɗin da imel ɗin yaron ofis aka buɗe shi kuma ya bar aiki. A buɗe asusu da sunan mai aiki ko ofishin injiniya, kuma kowane ƙarshen wata a sauke rajistar da duk fom ɗin da aka rufe a ajiye a filashi biyu, ɗaya a wurin aiki ɗaya a ofis. Kason da ake riƙe wa ɗan kwangila, wanda yawanci kashi 5 ne cikin ɗari, kada a saki rabinsa na farko sai ya miƙa cikakken kundi: fom-fom masu sa hannu, sakamakon gwaje-gwaje, takardun garanti na famfo da batir da farantan sola, da zanen da ke nuna inda fayif da waya suka bi a zahiri cikin bango da ƙarƙashin ƙasa.